Akwatin da Ya Fitar da Surukina daga Anaca

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ina jin zai bar mini wannan: yadda wani mataccen akwatin ƙarfe ya fitar da surukina daga Anaca, bayan liman ya yi magana, maƙwabta sun yi, 'yarsa ta sha kuka, duk a banza. Jikokina kan ce ina ƙara gishiri. To, ga yadda aka yi, mai son yarda ya yarda.

A lokacin ina sabon magidanci, ina sana'ar su a Anaca, a Kogin Kwara, kusa da gadar da aka gama ginawa ba da daɗewa ba. Na auri 'yar wani tsohon masunci da ya zauna a garin tun yana saurayi. Ita kaɗai Allah ya ba shi, uwarta kuma ta rasu, an binne ta can maƙabartar Hausawa. Kafaɗarsa ta gaji da filafilin tuƙi, ba shi da ɗa namiji, ni kuma ba ni da jirgi. Sai lalura ta cusa mu cikin kwale-kwale ɗaya.

Yaran yanzu da ke cin tuwo kwano ɗaya da surukansu ba za su gane wannan azaba ba. A tudu, in na hango shi sai in tuɓe takalmi in durƙusa a gefen hanya. To, kwale-kwale ina ya ga gefen hanya? Ba ya kiran sunana, ba na haɗa ido da shi. Shi a gaba, ni a baya, kamar kurame biyu. In yana son a karkata sai ya yi gyaran murya, ni kuma in yi ta canke ko dama yake nufi ko hagu. Rabin kifin Kwara ta haka ya tsira.

Da muka ga tuƙin hannu ya fi ƙarfinsa, muka tafi neman inji wurin wani makanike ɗan Ibo a Hedbirij, kasuwar bakin gada, mutum mai barkwanci, mai jin Hausar kasuwa. Inji biyu ya nuna mana. Ɗaya ƙato, ɗaya kuma ɗan ƙarami mai tafiya a hankali, wanda za ka ja ƙugiya da shi kifi bai san kana wurin ba, ga shi ba ya shan mai. Ni ƙaramin ya kwanta mini. Surukina kuwa tun daga ƙofa idonsa na kan ƙaton, don wani abokin hamayyarsa yana da irinsa.

Ya dubi makanike ya ce, "Ka gaya wa masu sauraro, babban nan za a ɗauka. Injin da ba a jin sa daga kan gada ai keken ɗinki ne."

Ina tsugune bayan wata ganga na ce, "Oga, ka tambaya mana, shin kifi kurma ne?"

Makanike ya ce, "Baba, yaro ya ce kifi yana da kunne."

"Ban tambayi yaro ba."

Makanike ya dube shi, ya dube ni, ya riƙe ƙugu. "Wetin dey worry una? Me ke damun ku? Ga ka, ga shi, ku yi magana mana! Ni tafinta ne?"

Muka tashi ba a yanke komai ba.

Da yamma na zagayo ni kaɗai, na roƙi makanike ya kwance wa ƙaton injin salansa, wato abin da ke rage masa ƙara, don in an tayar da shi gobe tsohon ya tsorata ya haƙura. Washegari aka ja igiya. Jama'a, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Awaki suka tsinke, mai tuyar ƙosai ta bar kaskonta ta ruga, makaniken kansa ya toshe kunne. Na saci kallon surukina ina jiran ya ja da baya, sai na ga fuskarsa ta washe har wawulonsa ya fito.

"Masha Allah! Yanzu na ji inji."

Dabarata ta juye a kaina. Na yi wa makanike kallon a taimaka, shi kuma, Allah ya saka masa, ya shiga ƙuryar shago ya fito da wani akwatin ƙarfe mai fuskar gilashi da allura irin ta agogo, da doguwar waya a gindinsa. Ya ce daga Fatakwal aka kawo shi, daga cikin jirgin Turawa.

"Baba, wannan yana ganin kifi a ƙarƙashin ruwa. Ka jefa waya, allura ta nuna maka. Amma ba ya son hayaniya. In ka haɗa shi da babban inji, kansa zai juye. Ka ɗauki ƙarami, in ba ka wannan gyara."

Surukina ya shafa gilashin, ya busa masa iska, ya goge da hannun riga. Abokin hamayyarsa yana da ƙaton inji, amma duk bakin Kwara babu mai akwatin ganin kifi. Ya rungume shi ya yi gaba, ya bar ni da ɗaukar ƙaramin inji. Makanike ya matso kunnena ya ce, "E don die tey-tey, ya daɗe da mutuwa. Ko hanji babu a ciki." Da na buɗe bayansa a ɓoye, gidan zanzaro kawai na tarar.

Ranar farko a kan ruwa, ya jefa waya, ya ƙura wa allura ido. Allurar kuwa in jirgi ya yi tangaɗi ita ma sai ta yi. Can sai na ji murya ƙarara:

"Akwati ya ce a yi dama."

Saura kaɗan in faɗa ruwa. Tunda na auri 'yarsa, bayan gaisuwa, ban taɓa jin magana mai kai da gindi ta nufo ni daga bakinsa ba. Na yi dama. Da muka daɗe, na tattara ƙarfin hali na ce, "Inji ya ce mai ya kusa ƙarewa."

Sai na ji: "Akwati ya ji."

Daga ranar bakinmu ya buɗe. Akwati ya ce a ja koma, inji ya ce yana jin yunwa, akwati ya ce inji ya cika ci. In mun dawo da giwan ruwa, akwati ne ya gani. In mun dawo hannu rabbana, rana ce ta bugi akwati. Da matata ta samu ciki, wata safiya na ji an ce a hankali, "Akwati ya ce yaya jikin mutanen gida?" Ka ga ita 'yar fari ce, ita ma ba ya iya tambayarta. Na ce inji ya ce da sauƙi, sai dai kwaɗayin tsamiya. Washegari sai ga ƙullin tsamiya a ƙarƙashin mazaunina.

Na daɗe ina jin tausayinsa, wai an yaudari tsoho. Sai rannan na ɗaga kai na gan shi ya buɗe bayan akwatin, ya zura hannu, ya zaro goro a cikin ɗanyen ganye. Ashe tuni ya share gidan zanzaron ya mai da wurin ma'ajiyarsa. Idonmu ya haɗu, karo na farko. Ya ɓare goron bai ko yi murmushi ba.

"Akwati ya ce goro ba ya hana shi aiki."

Ana nan sai ƙasa ta rikice. Mutanen garin suka fara dawowa daga Arewa, wasu da rauni, wasu babu 'yan'uwansu, labarin abin da aka yi musu yana yawo a kasuwa. Fuskokin da muka saba gaisawa da su suka canza. Unguwarmu ta Hausawa ta fara watsewa, manyan motoci na fita a cike har saman kaya. Makanike ya zo har gida ɗauke da galan-galan na mai, ya dire, idonsa ya yi ja.

"Make una go, abeg. Ku bar garin nan. Hanyar mota ba kyau yanzu. Ku bi ruwa. In an kwana biyu, ni ma ba zan iya tare muku ba."

Surukina ya ce ba inda za shi. Bai taɓa gudu ba, ba kuma da furfura zai fara ba, kuma matarsa a nan take kwance. Kafin liman ya hau mota ya yi masa nasiha, tsohon ya ce ya ji. Matata kuwa, ga ciki ya tsufa, ta ce ƙafarta ƙafar ubanta. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba. Ina kallon mace da abin da ke cikinta, ina kallon tsoho mai taurin kai, kuma ba ni da bakin da zan ce masa tashi mu tafi.

Da gari ya waye ya sauko bakin ruwa zai fita su kamar kullum, akwati a hammata. Ya tarar da 'yarsa zaune a tsakiyar jirgi, ga ƙunshin kaya, ga galan-galan. Ya ɗauke kai kamar bai ga kowa ba, ya zauna a wurinsa. Na tayar da inji. Da muka kai tsakiyar kogi na rage wuta, na ce:

"Inji ya ce a ba shi aron akwati."

Ya daɗe kafin ya miƙo shi ta baya, bai waiwayo ba. Na jefa waya, na ƙura wa allura ido kamar yadda yake yi.

"Baba, akwati ya ce babu kifi a nan. Ya ce duk sun hau sama. Wai sai Lakwaja."

Ya karɓi akwatin, ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, ya duba. Sannan ya juya ya dubi garin, can wajen maƙabarta, leɓunansa na motsi. Na ga hawaye ya gangaro cikin gemunsa, ni ma nawa suka zubo, matata ta rufe fuska da mayafi.

Ya ce, "Tunda aka kawo shi bai taɓa yi mini ƙarya ba. A bi kifi."

Na juya kan jirgi arewa. Ruwa ya cika, ga nauyi, ɗan injina yana ta nishi, muna rarrafe ta gefen gaɓa kwana da kwanaki. Da rana ta take a ranar farko, muna tafiya har masu tuƙin hannu suna wuce mu, sai na ji gyaran murya daga gaba.

"Akwati ya ce da babban inji aka saya, da tuni an isa."

Na ce, "Inji ya ce ya ji." Matata ta fashe da dariya tana share hawaye.

A Lakwaja ta haihu. Makanike ban sake jin ɗuriyarsa ba bayan yaƙin basasa, ko da yake na koma na nema, kuma har yau yana cikin addu'ata. Surukina kuwa har ya koma ga Allah, duk wanda ya ce masa ɗan gudun hijira sai ya tashi da faɗa. Shi bai gudu ba, kifi ya bi.

Abin da na koya shi ne, babba yakan san gaskiya tun kafin ka faɗa masa. Abin da yake jira shi ne ka buɗe masa ƙofar da zai fita da girmansa a jikinsa. Akwatin yana nan a ɗakina, ni ma goro nake ajiyewa a ciki. Kwanan baya mijin 'yata ya zo zai ba ni shawarar in daina hawa babur, ya tsaya yana ta kame-kame. Na tura masa shi gabansa na ce, in akwai magana, ya tambayi akwati.