Allon Taruwa a Gindin Maina

Har gobe ina tuna ranar da aka yi mana atisayen gobara na farko a ofishinmu da ke Garki. Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, Abuja ko'ina gini ake yi. Ni masinja ne, daga Lugbe nake zuwa kullum. Da aka ce kowane bene ya fitar da mai kula da gobara, sai Oga Kabiru, shugaban sashen mulki, ya zaɓe ni. Aka ba ni usur da jar falmaran. Shekara goma ina kai fayil, ban taɓa riƙe wani muƙami ba sai wannan.

Atisaye shi ne a kaɗa ƙararrawa kamar wuta ta tashi, kowa ya sauko ta matakala, a taru wuri ɗaya a ƙirga mutane. Koren allo ake kafawa ya nuna wurin. Oga Kabiru ya miƙo mini allon ya ce, "Malam Sale, nemi wuri mai kyau ka kafa."

Na zagaya harabar. Ko'ina rana ce da siminti, sai gindin wata bishiyar maina a bayan gini, inda direbobi ke hutawa. Na ce ai ba a tsayar da Darakta a rana. Na kafa shi a nan, har na share wurin.

Ranar Laraba da hantsi aka kaɗa ƙararrawa. Wata akawu ta koma sama ɗauko kular abincinta, wani ya sauko da kofin shayi a hannu. Duk da haka muka taru a inuwa, ana ta hira. Jami'in kashe gobara da ya zo duba mu, Oga Bulus, bai ko fara ƙirga ba. Ya tsaya yana kallon abin da Darakta ya jingina da shi.

"Wa ya kafa allon nan?"

Na ɗaga hannu da fara'a.

"Baba, mene ne wannan?"

"Tankin man janareta ne, yallaɓai."

Darakta ya janye bayansa a hankali.

Oga Bulus ya ce, "Tankin nan haɗari ne, amma in ya kama shi kaɗai, asarar mai ce da katanga. Bala'i shi ne ya kama ya tarar da mutane a gefensa. Kai kuma ka kwaso su daga sama ka kawo masa har gida."

Aka fashe da dariya. Oga Kabiru bai yi ba. Ya ce in cire falmaran, gobe in zo in karɓi takardar tuhuma.

Na fara cire maɓalli, sai na ce, "Na yi kuskure, yallaɓai. Amma a gwada inda kuke ganin ya fi, a gani."

Oga Bulus ya tuge allon ya kai bakin ƙofar shiga, inda babu inuwa ko kaɗan. Muka bi shi. Kafin ya ƙirga rabinmu, mata sun lulluɓe kai da fayil, layi ya fara zagwanyewa. Da ya ɗago kai daga takardarsa, mutanen da yake nema sun koma gindin maina, Darakta a gaba.

Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce wa Oga Kabiru, "Bar masa rigarsa. Ni tanki na gani, shi ya san mutanenku." A rahotonsa ya rubuta a yi rumfar kwano a bakin ƙofa. Aka yi ta kafin damina, takardar tuhuma kuwa ba ta fito ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, abin da na koya ke nan. Kafin ka ce wa mutane ga inda za su tsira, duba me ke kusa da wurin, sannan ka je ka tsaya a can da azahar. In kai ba ka iya minti biyar ba, ba wanda zai iya.