Ƙasar Kabarin Babana a Leda

Shekarun baya, muna zaune a Kadawa, mahaifina ya rasu ana tsakiyar ɗibar tumatir. Daga Filato muka zo ƙwadago, ba halin kai gawa gida, sai aka binne shi a nan.

Tun daga ranar zama ya gagare ni. In fara ban ruwa, in yar da fartanya in kama hanya. Yau ina Garun Malam ina kallon motoci, gobe Madobi, ba abin da na je yi.

Mahaifiyata ta ja ni cocin masu fararen riguna da take zuwa, wata rumfa a bakin kanal ɗin ban ruwa. Ba a shiga da takalmi. Ga turare, ga ƙararrawa, ga ganga irin wadda ake kaɗawa a ƙauyenmu in dattijo ya mutu, amma waƙar ta Yesu ce. Ni da na tashi a cocin da ko tafi sai a hankali, na toge a bakin ƙofa, a raina ina cewa wannan ai bori ne.

Tsohuwar da ke jagorantarsu ta yi ta juyi har ta tsaya gabana tana haki.

"Ɗana, ba kai ke yawo ba. Ubanka ne. Ba a kai shi wurin iyayensa ba."

Na ce wa tsohuwar, "Mama, ai yana wurin Allah."

"Na ce ba ya can? Amma bai yi sallama da gida ba."

Ta sa na ɗebo ƙasar kabarinsa, ta karanta Zabura a kai, ta ce in kai ƙauye. Na hau motar Jos da leda a cinya, kunya kamar ta kashe ni. Wata mata har tambayata ta yi ko yaji ne.

Yayan mahaifina ya karɓa da hannu biyu. Ya dubi ledar ya ce, "Sannu da hanya, ƙanena. Ka daɗe." A nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Muka binne ta kusa da kakana, na dawo na kama aikina.

Ban koma cocin ba, kuma har yau ban san wanda aka kai gida ba, shi ko ni. Yanzu ina Legas. Amma na riga na gaya wa matata: in ta Allah ta same ni a nan, ko cikin cokali ne, a kai ni gida.