Malam Abdulgani, Ɗan Mai Gangar Noma

Ranar Laraba, 16 ga Maris, 1994, ana tsakiyar yawon ƙaramar salla, labari ya iske ni a Gwandu cewa Allah Ya karɓi ranka a Kalgo. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Abdulgani, zaure ɗaya muka yi karatu a nan Gwandu. Ni ɗan gidan malamai, kai ɗan Bawa mai gangar noma, wanda ba a yin gayya daga Dalijan har Ceberu sai da shi. Ka fi ni kai nesa ba kusa ba. Burinka ɗaya, ba ka taɓa ɓoye mini ba: ka tsaya gaban jama'a ka ja su salla.

Kalgo ta mori iliminka. Kai ka tara 'ya'yan masunta a rumfar gidanka kana koya musu karatu, ruwa ko rana. Gadon da ya gagara rabuwa, wurinka ake kawowa. Da azumi kai ke jan baƙi, tsofaffi na share hawaye. Amma da limamin unguwarku ya rasu, dattawa suka ce ba su bin ɗan makaɗi salla. Aka naɗa ɗan marigayin, yaron da kai ka gyara wa Fatiha. Shekara da shekaru kana bayansa, ba ka taɓa fashi ba. Ni na riƙe maka haushin, har yau ban huce ba.

Na taɓa ce maka ka bar garin. Ka yi murmushi ka ce, "Garba, ina za ni da gangar Baba ba ta riga ni isa ba?" Kuma ba ka taɓa jin kunyar tsohon ba, a hannunka ya cika.

Na ga dattawan nan wurin jana'izarka. Da hannunsu suka ajiye ka gaban sahu, gaban liman ma. Sai da ka hau makara suka yarda.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya saukar da kai inda ba a tambayar ɗan wane ne. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Hajjo, da 'ya'yanka Maimuna da Delu, da autanka Mamman, wanda ya sauke Alƙur'ani bana. A zaman makokin, na ji ana nuna shi ana cewa jikan mai ganga.