Haƙorin Makka a Hannun Ɗan Ƙwallo

Ni dai ban taɓa son ƙwallo ba, kuma ban ɓoye wa kowa. Ƙarti ashirin da biyu suna bin fata ɗaya, ana ta yi musu ihu kamar sun haƙa rijiya. To sai ga shi ciwon haƙori ya kai ni hannun tsohon ɗan ƙwallo a Guangzhou ta ƙasar Sin, a daminar da ake wasannin Olamfik, lokacin da duk shagon da ka shiga talabijin ke ta kururuwa, mai shago kuma ko kallon ka ba ya yi.

Sarin jakunkunan mata na je. A mota, kan hanyar dawowa daga kasuwar Shiling, ciwon ya taso, kuma duk haƙoran bakina bai zaɓi kowanne ba sai na Makka. Kwana biyu ina fama da kanumfari da ruwan gishiri. A rana ta uku kuncina ya kumbura kamar na ɓoye goro, sai wata 'yar Maraɗi da ke sayar mana da tuwo ta kwatanta mini wani ɗan asibitin haƙori a lungun bayan masaukinmu.

Likitar mace ce, sa'ata, tana jin Turanci daidai cefane, kamar ni. A kusurwa wani tsoho na zaune kan kujerar roba da singileti, ya ƙura wa talabijin ido, ƙafarsa na ta harbin iska. Na ɗauka maigadi ne. Ashe mahaifinta ne, asibitin ma shi ya kafa shi.

Ta haska bakina, ta ƙwanƙwasa haƙorin, na kusa tashi sama. Ta ce ƙarƙashin zinaren ne ya ruɓe.

"Madam, zan yanka ƙarfen nan in jefar, in sa miki fari. Ba wanda zai gane."

Har ga Allah alheri take nufi. Amma ba wanda zai gane! Ai don a gane aka sa shi. A Kano murmushi ɗaya za ki yi a kasuwa a san kin sauke farali. Kuma nawa ya wuce ado. Rana ɗaya aka sa mana ni da mahaifiyata, a shago ɗaya, bayan mun gama aikin hajji. Ta riƙe madubi tana ta dariya kamar yarinya. Ita ta tafi da nata, saura nawa.

Duk Sinancin da na iya bai wuce na ciniki ba, sai na jawo wanda ya fi kusa, wato babu.

"Meyo," na ce. "Meyo yanka!"

Na miƙe da tsumman da ta ɗaura mini a wuya, na koma Hausa, don faɗa ba ya daɗi da aron baki. Na ce ni da in bar haƙorin nan a kwandon sharar Sin gara in koma gida da kumburina. Sai a lokacin tsohon ya juyo daga talabijin. Na nuna haƙorin, na zagaya yatsa kamar ɗawafi, na ce Makka, na ce Mama, na kwantar da kaina a tafin hannu na rufe ido. 'Yar tasa ta fassara masa iya abin da ta tsinta.

Ya dube ni jim, sai ya washe baki. Giɓi ne a gaba, ƙato, har harshe na leƙowa. Likitan haƙori da giɓi! Duk da ciwon sai da na yi dariya.

'Yar ta yi ajiyar zuciya irin ta wadda ta ji labari sau dubu, ta ba ni shi a gutsure. Yana saurayi ya buga ƙwallo, zamanin da ake ɗaure bakinta da igiya, in ta sha ruwa ta yi nauyin kabewa. Wata rana suka yi tsalle tare da amininsa, kan aminin ya tafi da haƙorin. Bayan ya karanci aikin haƙori yaƙi ya taso, aka tafi da su biyun. Shi yana cire wa sojoji haƙora a tanti, da injin da ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki. Aminin bai dawo ba.

"Sama da shekara hamsin yana cike bakin mutane," in ji ta. "Nasa kuwa na roƙa har na gaji. Kullum meyo."

Tsohon ya tashi ya je yana wanke hannu. Ta yi masa magana da sauri, ya amsa da kalma ɗaya, ta matsa gefe. Na ga hannunsa na rawa.

"Baba, a hankali dai," na ce, kamar zai ji.

Da ya kama ƙarfen aikin sai rawar ta tsaya cak. Kusan awa guda yana lallaɓa zinaren ta kowane gefe, kamar mai ɓare dafaffen ƙwai. Ana cikin haka talabijin ya ɓarke da ihu, 'yar ta ce 'yan Najeriya ne suka ci. Mutumin da ɗazu ke harbin iska ko waiwayawa bai yi ba. Can sai na ji ƙwal a faranti. Zinaren ya fita lafiya lau, ko lanƙwasa bai yi ba.

Sau uku na koma ana wankewa ana cikewa. Kullum sai ya nuna mini zinaren a cikin wata 'yar kwalba, don in san yana nan. Na ma koyi zama in kalli ƙwallo da shi, ko da yake har yau ban ga abin ihu ba.

Ranar ƙarshe ya mayar da zinaren mazauninsa, ya danna da babban yatsa, ya miƙo mini madubi. Na yi murmushi don in gwada, sai ga dariyar mahaifiyata a ciki, yadda na gan ta a shagon nan. Hawaye suka zubo mini ban shirya ba. 'Yar ta sunkuyo da sauri.

"Madam, ciwo?"

Tsohon ya riga ni girgiza kai.

"Meyo," na ce.