An Ƙirga Ni, Ba a Ƙirga Adda Kulu Ba

Assalamu alaikum. Masu tambayar ina na shige tun bara, ku yi haƙuri. Sai yau zuciyata ta yarda in rubuta.

Ciwon daji na nono na yi.

Ban taɓa jin zafi ba. Masu duba nonon mata kyauta suka zo Kalgo, na raka maƙwabciyata, ita ta matsa ni ma aka duba ni. Nas ɗin ta daɗe tana taɓa nonona na hagu, sannan ta ce, "Akwai ƙullutu. Kada ki yi wasa, ki tafi Birnin Kebbi."

Aka yi hoto, aka ɗebi jini, aka yanki tsoka aka kai gwaji. Likita ya ce, "An gano shi da wuri, amma sai an cire nonon."

Aka cire. Sai kemo, maganin kashe ƙwayoyin ciwon, a Sakkwato. Amai, gashina ya zube, bakina duk gyambo. Maigidana ya sayar da shanun nomansa.

Yayata, Adda Kulu, ta baro gidanta a Dalijan ta zo jinyata. Ita ke min wanka, ita ke dama min kunu. Ko a ɗaki ba ta cire mayafi. Na ɗauka kunyar maigidana take ji.

Wata rana tana ɗaga ni sai ta yi ƙara. Na janye mayafin. Nononta ya riga ya fashe, ta barbaɗa garin magani ta ɗaure da tsumma.

"Adda, tun yaushe?"

"Tun kahin naki. Mi zan ce? In mun kwanta mu biyu, wa ka jinyar wani?"

Masu dubawar ba su taɓa isa inda take ba. Da muka kai ta asibiti, likita ya ce ciwon ya kai hanta. Ta rasu kafin azumi, ƙaramar ɗiyarta ko makaranta ba ta shiga ba.

Makon jiya wata mata ta kira ni, tana cikin masu auna amfanin shirin dubawar. Ta ce ina cikin waɗanda aka ceto.

Na ce, "Yayata fa?"

Ta ce, "Allah ya jiƙanta. Waɗanda aka duba kaɗai muke bi."

Ban ga laifinta ba. Amma na ajiye wayar na yi kuka har muryata ta dushe.

Yanzu likitoci sun ce ba su ga sauran ciwon ba. Alhamdulillah. Na gode musu, da maigidana, da ku masu addu'a.

Mata, ku riƙa taɓa nononku bayan al'ada. Kun ji ƙullutu, ko babu zafi, ku je asibiti. In kun ji ana dubawa, ku aika a ɗauko 'yan uwanku na ƙauye.

Mai jinyarku kuma, ku tambaye ta lafiyarta. In ta ce lafiya lau, ku sake tambaya.

Ku sa Adda Kulu a addu'a.