Hannun Da Ban Saki Ba

Shekara goma ke nan cif da muka kai Idi makwancinsa. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na ba shi shekara goma sha huɗu, amma shi ya riga ni. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Hajara, ɗaya daga cikin ɗalibansa, ita ke rubutawa ina faɗa. Sau uku tana tambayata ko na tabbata ina so ya shiga jarida. Na ce mata ta rubuta.

Sunana Tanko. Da can fito nake yi a Wushishi. Wata damina, ranar kasuwa, jirgina ya kife a tsakiyar kogi. A ciki akwai ɗana Sule, mai shekara shida, akwai Idi, yana sakandare ya zo hutu. Na fito da Idi. Sule sai bayan kwana biyu aka same shi. Daga ranar ban sake taka jirgi ba, bakina kuma ya mutu. Uwar Sule ta koma gidansu. Ban ga laifinta ba, wa zai zauna da kututture?

Abin da ya faru a cikin ruwan nan ban taɓa faɗa wa kowa ba. Idi bai taɓa tambaya ba. Amma labarin zuciya a tambayi fuska. Na san abin da ke cinsa: ko na cafke shi ne bisa kuskure ina zaton Sule ne, ko kuma kullum in na dube shi ina cewa da ma ɗayan ne. Na san amsa. Na riƙe ta.

Ya yi karatu har jami'a, ya zaɓi wani fanni da mutanenmu suka kasa ba shi suna. Wasu su ce likitan mahaukata, alhali ko allura ba ya yi. Maganinsa zama ne da sauraro, mutum ya yi ta magana har ƙullin da ke zuciyarsa ya sassauta. Da Minna ta zama babban birnin jiha ya sami aiki a wani asibiti, ya kama gida a Fadikpe, ya je ya ɗauko ni. Akwai mangwaro a ƙofar gidan. Nan nake wuni ina saƙar komar kamun kifi, 'yan Wushishi in sun shigo gari su saya.

Duk shekara ana turo masa ɗalibai biyu ko uku, waɗanda suka gama digirin farko suna na biyu, su yi watanni suna koyon aiki a hannunsa. Wata rana ya tsaya a kaina.

"Yaya, zan riƙa turo maka yaran nan. Kowa awa ɗaya, ranar Laraba."

"In yi musu me?"

"Abin da ka saba."

"Ban saba komai ba."

"To, shi nake so."

Na farko ya zo da kwat da takarda. Baba kana barci, Baba kana mafarki, Baba me kake ji yanzu. Na bar shi ya kai ƙarshen takardar, sannan na tambaye shi ko ɗan sanda ne. Wani ya zo ya yi mini wa'azin haƙuri, na nuna masa gidan liman, na ce ba nisa. Wani agogonsa ya yi ta duba kamar mai jiran jirgin ƙasan Kaduna. Akwai wanda ya yi gyangyaɗi har biro ya faɗi. Idi ya ce a waccan shekarar shi ya fi kusa da gane aikin.

In sun tashi daga wurina sai su same shi a baranda, ina jiyo su. Bai taɓa tambayarsu me na ce ba. Su yake tambaya. Da ya yi shiru, wa ya matsu, kai ko shi? Maganar da ka yi, dominsa ka yi ko don ka huta? Wasu su fito ido ya yi ja. Yakan ce musu takardar digiri ba ta koya wa mutum zama, kuma wanda bai iya jure shirun tsoho ɗaya ba, ba zai jure kukan mutum ɗari ba. Shi kansa duk wata sai ya hau mota ya je ya zauna gaban tsohon malaminsa. Ya ce mai ɗaukar kayan mutane dole ya sami inda yake sauke nasa. Na ce ashe akwai wanzamin da ke son jarfa. Ya yi dariya. Ba na yawan ba shi dariya, shi ya sa na tuna.

Sau ɗaya na ce masa, tunda shi ne gwanin, me ya hana shi zama da kansa. Ya ce, "Ƙa'idar aikinmu ta hana, Yaya. Ba a yi wa jini." Ya faɗa yana kallon titi. Ni dai a zatona taimakonsa nake yi, ni ne dutsen da yara ke wasa wuƙarsu. Shekara tara muna haka.

A ta ƙarshe Hajara ta zo. Banufiya ce, 'yar Bida, kakanta masunci. Ba takarda, ba biro. Ta gaishe ni, ta zauna, ta kama bakin komar ta ja mini ita yadda ake ja. Laraba huɗu ba ta tambaye ni komai ba, sai sau ɗaya da ta ce ƙullina irin na Hausawa ne, a garinsu kifi dariya zai yi masa. Na ce ai shi ya sa Nufawa ke saye a wurina. A ta biyar, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ruwan ja ne ranar."

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Ja." Ta jira.

Ban ƙara ba. Amma ranar na ƙudurta zan faɗa wa Idi, shi da kansa, ba ta bakin kowa ba. Na ce bari a yi sallah. Kafin sallah ciwon hanta ya kwantar da shi. Kwana ashirin ina zaune gefen gadonsa. Yakan kama tsintsiyar hannuna ya yi barci. Na ce ba a yi wa mara lafiya irin wannan magana, bari ya tashi. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne. Amma ba a gaya mini cewa abin da ka ɓoye yakan fi wanda ya kamata ya ji shi tsawon rai ba.

Yau da Idi zai leƙo, ban san me zai ce ba. Fadikpe ta cika, ba ka sanin maƙwabcinka. Yaran da suka zauna gabana, Hajara ta ce wasu sun shiga banki, wasu sun haye ƙasashen waje, ba na zargin kowa, zamani ya yi tsanani. Masu aikin yanzu da fom suke zuwa, kowace tambaya da ɗan akwatin amsarta, a yi maki a kira na gaba, saboda layi ya yi tsawo kuma hannu ya yi kaɗan. Ina jin zai karɓi fom ɗin ya duba, ya ce ba laifi, sannan ya ce a ajiye shi a ƙasa tukuna. Ina jin kuma zai yi murna da abu ɗaya: mutane sun fara zuwa asibitin da ƙafarsu, ba sai an ɗaure su ba.

Hajara ce ke riƙe da ɗalibai yanzu. Ba ta turo mini su. Ta ce na yi nawa. Amma ni duk Laraba sai na fito da kujera ta biyu na ajiye a gindin mangwaro. Awa ɗaya, sannan in mayar. Yaran unguwa sun ɗauka tsufa ne.

Makon jiya ta zo gaisuwa ta tarar da kujerar, ta zauna. Can ta ce, "Baba, ka san ba don mu kaɗai Malam yake turo mu ba?" Na ajiye saƙar. Ta ce ranar Larabar nan ta biyar, da ta same shi a baranda, ya dube ta ya ce, "Ya ambaci ruwa?" Kafin ta buɗe baki ya ɗaga hannu. Ya ce kada ta faɗa, ba shi da hakkin ji daga gare ta. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Shekara tara yana aiko mini da kunnuwan wasu, saboda aikinsa ya hana shi kawo nasa. Ni kuma bango ɗaya ne tsakaninmu.

Bai bar gida nasa ba, bai bar littafi ba. Ya bar mutane kaɗan da suka iya zama gaban mai ciwo ba su cika shi da surutu ba, ɗaya tana gabana da biro. Wannan ya isa a yi wa mutum shaida. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Sule. Saura tawa shaidar.

Ruwan ja ne, Idi, ba na ganin komai. Na lalubo hannu na kama. Tun a ƙarƙashin ruwa na ji girmansa, na san ba na Sule ba ne. Na san naka ne. Ban saki ba. Kuma daga ranar zuwa yau, ko sau ɗaya, ban taɓa cewa da ma na saki ba.