Daminar da Na Zama Injin Kawu

A watan da muka gama sakandare na hau a-kori-kura daga kasuwar Yankara zan koma gida, ta kife da mu kafin mu karya kwanar Faskari. Ba wanda ya mutu, alhamdu lillahi. Wani dattijo ya karye a hannu, ni na samu tsaga a goshi, kajin da aka ɗaure a baya kuwa suka samu 'yanci suka bazu cikin gonar masarar wani. Direbanmu tsere yake da wata mota, daɗin sabuwar kwalta ya ɗebe shi. Tun daga tasha muke kallon juna, manya na ta salati ƙasa-ƙasa, amma ba wanda ya buɗe baki ya ce ya rage gudu. Har yanzu da nake rubutun nan, in mota ta ja birki a bayan ɗakin kwananmu sai biro ya kuɓuce mini.

To, ga inda matsalar take. An ba ni gurbi a makarantar gaba da sakandare a Zariya, kuma an sa ranar rajista a ƙarshen damina. Wadda ba ta je ba, a ba wata gurbinta. Zariya kuwa ba a zuwa da ƙafa, ni kuma na rantse ba ni ba mota.

A hannun Kaka na tashi, mahaifiyar Innata. Da ta ji rantsuwata ko ɗagowa ba ta yi daga tankaɗe ba.

"To ki zauna," in ji ta. "Dama ina neman mai yi mani surfe. Boko ya huta."

Ana cikin haka Kawu ya zo hutu. Shi ne autan Kaka, gwamnati ta tura shi ƙasar Turawa karatun lissafi, don a shekarun nan na kuɗin mai tura mutum waje ya zama kamar rabon goro. Maƙwabta suka cika zaure suna jiran a buɗe akwati su ga rediyo ko agogo. Da aka buɗe, sai katuna masu huji, ɗauri-ɗauri, an ɗaure su da roba. Kaka ta ɗaga ɗaya ta hanga rana ta cikinsa.

"Auta, gara ce ta cinye maka kaya, ko haka ka sawo su?"

Ya yi dariya ya ce abincin inji ne. Wai a makarantarsu akwai wani inji mai cika ɗaki guda, aikinsa duba hujjar lissafi. Ka rubuta hujjarka mataki-mataki, ka huda ta a kati, ka miƙa. Injin ba ya gane komai, ba ya kuma tsammani. Dokokin da aka ba shi kaɗai ya sani. Matakin da ya fito daga doka ya karɓa, wanda bai fito ba ya dawo maka da kayanka, ka sake bin layi gobe. Kawu ya ce injin ya sha dawo masa da kaya har masu gadin ɗakin sun fara tausaya masa, shi ya sa yake so ya gyara hujjojinsa tun daga gida.

"Amma nan babu injin," na ce.

Ya dube ni, ya dubi tsagar goshina, ya ce, "Ga shi kuwa zaune ba ya aikin komai."

Haka aka ɗauke ni aiki. Kullum bayan karin safe sai mu shimfiɗa tabarma a rumfar tsakar gida. Ya yago gefen kwalin sukari ya rubuta mini dokokin, 'yan kaɗan ne: yadda ake tarawa, yadda ake ninkawa, yadda ninki ke rabuwa a kan tari, cewa tara sifili ba ya canza komai, da cewa kowane abu yana da kishiyarsa da in an tara su a samu sifili. Duk taron abubuwan da ke bin waɗannan dokoki, in ji shi, sunansa zobe. Lambobin da muka sani zobe ne. Agogo ma zobe ne, inda in ka kai sha biyu ka koma sifili. Nasa aikin kuwa a kan polinomiyal ne, wato irin jimlolin nan da muka yi a aji, a ɗauki harafin x a ninka shi da kansa, a jingina masa lambobi, a tara. Su ma zobe ne, kuma so yake injin ya yarda da hakan tun daga tushe.

Sai kuma abin da ya kira aidiyal. Wani gungu ne a cikin zoben: in ka tara 'yan gungun biyu ba ka fita ba, in kuma ka ɗauko ko mene ne daga waje ka ninka shi da ɗan gungun, sakamakon ya faɗa ciki. Kaka na gefe tana gyaran kuɓewa, mun ɗauka ba ta ji.

"Wannan ai marina ce," in ji ta. "Duk abin da ya taɓa ruwan baba ya fito shuɗi. Don wannan aka kai ka Turai?"

"Don wannan ne, Inna."

"Allah ya kyauta."

Ni kuma magana biyu kacal aka ba ni. In ya karanto mataki, in duba kwali, in ce "Na karɓa" ko "Ban karɓa ba". Ta farko ba wuya. Ta biyun ce ta maƙale mini a wuya. Kawu ne fa, ƙanin uwa, wanda in zan ba shi ruwa sai na durƙusa. Ta yaya zan dubi tsabar idonsa in ce ban karɓa ba?

Rannan ya karanto, "Abu biyu aka ninka aka samu sifili, saboda haka ɗayansu sifili ne." Na duba kwali sama da ƙasa, babu wannan doka. Har ma na tuna agogo, inda uku sau huɗu ke kai ka sha biyu, wato sifili, alhali ba uku ba huɗu ba wanda yake sifili. Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, Kawu."

Ya ajiye takarda. "Mene ne haka ne? Injin bai san haka ne ba."

"Na karɓa."

"Kin karɓa tsakaninki da Allah?"

Na shiga wasa da bakin tabarma.

"Da gangan na dasa shi," ya ce. "Na ga idonki ya tsaya a kai. Kin ga wancan injin? Bai san ni kawun kowa ba ne. Shugaban sashenmu, mai furfura, in ya tsallake mataki haka zai dawo masa da kaya a gaban ɗalibai. Ni inji mai kunya ba shi da amfani gare ni."

Kaka ta ce, "Kai dai ka lalata mani ɗiya. Mu muna koya mata ladabi, kai kana kwancewa."

Daga ranar muka shiga wasan ɓuya. Ya riƙa dasa ƙarya cikin hujja, ni ina tono. Da farko sai in rufe fuska da mayafi in faɗa cikin raɗa. Ya ce injin ba ya raɗa. Na koma juya masa baya in faɗa wa bango. Kafin masara ta fara bunƙasa na iya faɗa ina kallon gemunsa, ko da yake idonsa ban kai ba.

Ranar da ba zan manta ba, muna kan nuna cewa ninkin wani polinomiyal duka suna haɗuwa su zama aidiyal. Ya zo wani wuri ya wuce da sauri: "Sifili sau kowane abu sifili ne, sai mu ci gaba." Na duba kwali. Babu.

"Ban karɓa ba."

"A'a, wannan ba dashe ba ne, gaskiya ne. Kowa ya sani."

"Ba ya cikin kwali, Kawu."

"Ke, ɗan aji ɗaya ma ya san wannan!"

"Injin bai yi aji ɗaya ba."

Kaka ta saki dariya har ta ƙware. Kawu ya tura hula ƙeya, ya ja takarda, ya shiga nuna mini abin da duk duniya ta sani: sifili daidai yake da sifili a tara da sifili, a ninka, a raba ninkin, a kawo kishiya a share gefe da gefe. Kowane mataki sai na duba na ce na karɓa. Da muka kai ƙarshe tuwon rana ya huce. Ya share gumi ya ce, "Wallahi ke da injin can uwarku ɗaya." Ban taɓa jin yabon da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Duk tsawon daminar bai ce mini ko kalma a kan mota ba. Sai ana gobe rajista ya ce, a tsakiyar cin gyaɗa, shi ma zai bi ta Zariya, in ina so mu tafi tare. Kaka ta riga ta ɗaure mini kaya tun shekaranjiya ba tare da ta faɗa ba, har da ƙullin yaji da daddawa.

Da safe a tasha na toge a bakin mota. Kawu ya shiga ƙaramar bas ɗin ya zauna, ya bar ƙofa buɗe, yana duba katunansa kamar ba ni yake jira ba. Na yi addu'ar da na sani duka, na rufe ido na shiga.

Har muka hau babbar kwalta lafiya lau. Sai muka tarar da tankar mai tana jan ciki a kan wani hawa mai kwana. Direbanmu, saurayi mai baƙin tabarau, ya leƙa, ya koma, ya sake leƙawa, ya fara fita hannun da ba nasa ba, ba a ganin abin da ke tahowa. Na ji salatin nan na ƙasa-ƙasa ya tashi a bayana, irin na ranar da muka kife sak. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ban karɓa ba!"

Direba ya waiwayo. "Mi aka ba ki?"

"Malam direba, ba ka ganin gabanka. Ka koma hannunka."

"Ke yarinya, hanyar nan na san ta kamar yunwar cikina. Ba komi gaba."

"Ban gani ba. Ka sauke ni."

Motar ta ɗauki dariya. Wata Hajiya ta ce 'yan boko sai a hankali, wani ya ce ai ita ce ta motar Yankara, a ƙyale ta. Amma direban ya koma bayan tankar, yana ta ƙunƙuni, da muka kai Mairuwa kuwa ya taka birki ya ce in sauka tun da na fi shi iya tuƙi. Na sauka. Kawu ya sauko da akwatinsa, da motar ta ɓace ya ce, "Da ƙarfi dai injin nan yake magana yanzu."

Muka samu wata tsohuwar motar hatsi, direbanta dattijo, tafiyarsa kamar ta mai rakiyar amarya. Na zauna a gaba na ƙanƙame ƙofa, ina kallon rana na hawa, ina lissafin ko za a rufe ofis kafin mu kai. A tashar Funtuwa muka tarar da mai baƙin tabarau zaune kan benci yana cin tsire, lafiyarsa ƙalau, har ya kusa cika motar komawa.

"'Yar boko!" ya ɗaga mini tsinke. "Kin ga mun mutu?"

Kawu ya raɗa mini cewa sifili sau komai ma gaskiya ne, amma sai da na sa shi gumi kafin na karɓa.

Mun isa Zariya magatakarda na haɗa takardunsa zai tashi. Ya dubi agogo, ya dubi ƙurar hatsin da ke kan mayafina, ya ja tsaki ya sake zama. Na sa hannu cikin sauri, sunana ya fito a karkace, haka yake a rajistarsu har yau.

Kawu ya koma Turai. Ya aiko cewa injin ya karɓi babin aidiyal, amma ya dawo masa da na raba polinomiyal, wanda ba mu kai gare shi ba. Hutu ya kusa, kuma mota zan hau zuwa gida. Na riga na yanke cewa gaba zan zauna, kusa da direba.